Ina yinin yake tafiya? Amsa ga wata ƙanwa ma'aikaciya a Yamai

Wata baiwar Allah da ke zaune a Harobanda, ƙetaren kogi a Yamai, tana aiki a wani biro a unguwar Filato, ta aiko da tambaya. Ta ce ƴaƴanta uku, babbar shekararta 12, ƙaramin bai cika 3 ba, kuma surukarta tana tare da su. Tana tashi kafin kiran assalatu, ba ta kwanciya sai sha ɗaya ta gota, amma kullum a makare take. Takardu sun taru a teburinta har shugabanta ya fara yi mata magana, a gida kuma tuwon dare ba ya sauka sai bayan isha'i. Ta saka manhajar tsara lokaci har uku a waya, ba wadda ta yi mako biyu da ita. Tana tambaya: ita ce ba ta da tsari, ko kuwa yaya za ta yi?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a, ya ƙara wa Inna lafiya. Na yi shekara 22 ina aikin sakatariya a nan Yamai, daga baya ni nake horar da sababbin da aka ɗauka, kuma ƴaƴana huɗu na rena a cikin wannan aikin. Kukan da kika kawo na ji shi daga bakin mata da yawa, na kuma yi shi da kaina. Ki fara cire wa ranki zargi. Macen da ke tashi kafin assalatu ta kwanta bayan sha ɗaya ba malalaciya ba ce. Abin da ke faruwa da ke shi ne kina ɗora wa yini kayan da ya fi ƙarfinsa, saboda ba ki taɓa auna girmansa ba.

Mu auna shi tare. Mako awa 168 ne. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta tsayar da aikin mako a awa 40. In kika yi barcin awa 7 kowane dare, awa 49 sun tafi. Zuwa da dawowa daga Harobanda, mu ce awa ɗaya da rabi a rana, awa 7 da rabi ke nan a kwana biyar. Girki da wanke-wanke awa 3 a rana, 21. Salla da wanka da cin abinci awa 2 a rana, 14. Abin da ya saura bai kai awa 37 ba a mako duka, kuma a cikinsa ne za a yi wanki, cefane, karatun yara, kitso, kai Inna asibiti, suna, biki, gaisuwar rasuwa, da baƙon da ya yi sallama. Waɗannan alƙaluman kintace ne na yi miki, naki na gaskiya sai kin rubuta da hannunki. Shi ya sa aikin farko da nake ba duk wadda ta zo wurina shi ne ta yi kwana bakwai tana rubuta abin da ta yi da lokacin da ya ci, ba tare da ta canza komai ba. Yawancinsu sukan dawo da mamaki. Wata ta gano cewa neman abu kawai, makulli, takalmin yaro, dosiye, caja, yana cinye mata kusan minti 40 a rana.

Akwai wata ɗabi'a ta ɗan Adam da masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka bayyana a 1979: mutum yakan ƙiyasta wa aikinsa lokacin da bai kai abin da aikin zai ci ba, ko da ya sha yin irinsa ya ga yadda ya ja. A garinmu wannan kuskuren yana ninkawa, don lokacinki ba naki ba ne ke kaɗai. Gadar Kennedy tun 1970 take ɗaukar mutanen Harobanda, an ƙara ta biyu a 2011, ta uku a 2021, amma duk wanda ya taɓa tsallake kogi da safe a lokacin da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ma'aikata da masu moto da amalanke suka haɗu ya san minti goma na iya zama arba'in. Ga ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ga famfo da kan yi shiru, ga taron da aka kira ƙarfe tara ba a fara ba sai goma da rabi. Manhajojin da kika gwada an gina su ne a kan rayuwar da wuta ba ta ɗaukewa, ƙofa a rufe take, kuma ba wanda zai shigo ya zauna ba tare da ya sanar ba. Suna yanka yini awa-awa, da zarar awa ɗaya ta zame sai sauran duka su rushe, ke kuma ki ji kamar kin gaza.

Mu muna da ma'aunin da ya fi wannan dacewa da mu, kuma tun muna yara muke tafiya a kansa: salloli biyar. Ki ɗauki yininki a matsayin zango huɗu. Daga asuba zuwa fita, daga isa biro zuwa azahar, daga azahar zuwa tashi, daga magariba zuwa kwanciya. Kowane zango ki ɗora masa babban kaya guda ɗaya, sauran ƙanana su bi bayansa in wuri ya samu. Sannan ki bar kashi ɗaya cikin uku na kowane zango ba komai a ciki. Wannan filin na Yamai ne, za ta zo ta karɓa ko kin so ko ba ki so ba. In kin tanadar mata, ta karɓi nata ta bar miki naki.

A cikin zangon nan huɗu, wanda nake so ki tsare kamar dukiya shi ne na biyu, musamman awa biyu na farkonsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Sakhr al-Gamidi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma shi Sakhr ɗan kasuwa ne, yakan tura hajarsa da farkon yini, har ya yi arziki. Mu da muke zaune a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu mun fi kowa ganin hikimar wannan. Da sanyin safiya ake kama fara. Bayan azahar jiki ya yi laushi, kai ya yi nauyi, kuma a bazara lokacin ne wuta ta fi ɗaukewa. To me yawancinmu muke yi da waɗannan awoyi masu tsada? Gaishe-gaishe, duba WhatsApp, buɗe wasiƙun da ba su da gaggawa, karin kumallo a tebur. Rahoton da ke buƙatar hankali kwance sai a bar shi zuwa ƙarfe uku, lokacin da hankalin ya riga ya ƙare.

Ba zan ce ki daina gaisuwa ba, wanda ya daina gaida abokan aiki a garin nan ya sayi wata wahalar. Amma ki riga su. Da isarki ki ajiye jaka, ki zagaya ki gaida kowa a tsaye, ina kwana, ya gida, ya yara, ya jikin Baba. Minti goma sun isa. Wanda ya je gaisuwa shi ke da ikon juyawa, wanda aka zo wa kuwa sai baƙo ya ga damar tashi. Na ga bambancin wannan ƙaramin abu a rayuwata fiye da duk wata dabara da na koya a horo. Daga nan ki juya fuskar wayar ƙasa, ki kama aiki mafi nauyi na ranar, kada ki sake shi sai goma da rabi.

Yanzu ga maganar kaye, wato littafin rubutu. Ki sayi kaye ɗaya mai kauri irin na ƴan lekol, da bik, kuɗinsu bai kai jaka ɗaya ba. Ɗaya nake nufi, na biro da na gida a haɗe, don kanki ma ɗaya ne. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, ta rubuta tun 1927 cewa aikin da ba a ƙarasa ba ya fi maƙalewa a rai fiye da wanda aka gama. Ke ma kin san haka: kina cikin salla sai kuɗin makarantar Islamiyya ya faɗo miki, kina buga takarda sai ki tuna gas ya kusa ƙarewa. Kai wurin tunani ne, in aka mayar da shi rumbu sai ya gaji. Duk abin da ya faɗo, ki zuba shi a shafin hagu nan take. Shafin dama kuma na gobe ne, kuma abu uku kawai ake rubutawa a kansa, da dare, kafin a kwanta. Kaye ba ya son caji, ba ya son kuɗin intanet, kuma in kin buɗe shi ba ya nuna miki hoton ankon bikin wata.

Yadda ake rubutun ma yana da muhimmanci. In kika rubuta "rahoto", gobe za ki dube shi ki ji nauyi ki tsallake. Ki rubuta matakin da hannu zai iya kamawa: "kiran mai lissafi ya ba ni adadin watan Maris". In kika rubuta "Inna asibiti", ki mayar da shi "neman katin Inna, tambayar ranar da likitan ido yake zama".

A bayan kayen ki ware shafi ki sa masa suna "abin da nake jira". Wannan shafin darasi ne da na koya da hawaye. Wata shekara na miƙa dosiyen tafiyar wasu ma'aikata shida don a sa hannu, na ɗauka na sauke nauyi. Kwana tara bayan haka, ana gobe tafiya, aka tambaye ni. Muka birkita biro uku. Can bayan la'asar muka same shi a kan wani tebur, ƙarƙashin jaridu da faranti mai kofunan shayi, zoben ruwan shayin ya fito a bangonsa, ba a ko buɗe shi ba. Mutum shida suka kwana ba su san ko za su tafi ba, kuma sunana ne a bakin kowa. Tun daga ranar, duk takardar da ta bar hannuna sai na rubuta wa na ba, ran nawa ga wata, da ranar da zan bi sawu. Rabin aikin biro jira ne, jiran sa hannu, jiran amsa, jiran hatimi. Wadda ba ta rubuta abin da take jira, aikinta yana mutuwa a teburin wasu, laifin kuma ya dawo kanta.

Game da shugabanki. A wani jawabi da ya yi a 1954, shugaban Amurka Eisenhower ya ambato maganar wani tsohon shugaban jami'a da ya raba matsaloli gida biyu, masu gaggawa da masu muhimmanci, kuma har yau ana koyar da wannan rabon a horon ma'aikata. Amfaninsa a wurinki shi ne ki gane cewa ba duk abin da aka kawo da gudu ne ya cancanci a ajiye komai dominsa ba. Sai dai ƙaramar ma'aikaciya ba ta iya ce wa shugaba a'a, kuma ban ce ki ce ba. Ki buɗe kayen a gabansa ki ce: "Ranka ya daɗe, rahoton da ka ce a gama yau yana hannuna, ga kuma wannan wasiƙar. Wanne kake so ya fara fita?" Kin girmama shi, kin mayar masa da zaɓin da dama nasa ne, kuma ya ga da idonsa cewa taura biyu ba ta taunuwa. Shugabanni da yawa ba su san yawan abin da suka ɗora wa mutum ba sai an nuna musu a rubuce.

Saboda kuran, ki riƙa raba ayyukan biro iri biyu a ranki: masu son wuta da waɗanda ba ruwansu da ita. Bugawa, fitar da takarda, kwafi da aika saƙo, a yi su tun wuta na nan. Jera dosiye, karanta wasiƙu, tsara rubutu da hannu, kiran waya, zuwa karɓo sa hannu, a ajiye su don lokacin da ta tafi. Ta haka ɗaukewar wuta ba za ta zama zaman hira na awa biyu ba. Takardun kwamfuta kuma ki fara sunansu da kwanan wata, shekara sannan wata sannan rana, za su jera kansu. Ranar Juma'a kafin a tashi, ki ba tebur minti 20: abin da aka gama ya shiga ma'ajiya, abin da ake jira a bi sawunsa, abin da zai fara ran Litinin ya hau sama.

Mu koma gida, inda na fi jin tausayinki. Safiya tun dare ake gyara ta. Minti 20 bayan isha'i suna sayen miki awa guda da asuba: kayan makaranta a goge a rataye, jakunkuna a bakin ƙofa da takalma a ƙarƙashinsu, ruwa a cike a jarka da bokiti ko famfo zai yi shiru, wake ko gero a jiƙe, wayoyi da fitila a caji. A kafa ƙusa ɗaya don makullai, kuma kowa ya san nan ne gidansu. A samu akwati ɗaya, ko da na ƙarfe ne, don takardun haihuwa, katin rigakafi, sakamakon jarrabawa, rasit na ruwa da wuta da haya. Ranar da aka ce a kawo takardar haihuwar yaro gobe da safe, za ki yi mini addu'a.

Tuwon da ke kaiwa bayan isha'i kuwa, ba wutar murhu ce ke jinkirta shi ba. Tunanin "me za a dafa" ne da ƙarfe shida, sai aike, sai jiran yaro ya dawo da tattasai, sai daka. Ki zauna ran Juma'a da dare ki tsara abincin mako, ki tambayi Inna abin da take marmari, wannan ma girmamawa ce. Ran Asabar da sassafe a shiga kasuwa sau ɗaya, Katako ko Wadata ko wadda ta fi kusa da ke. A markaɗa tumatir da tattasai da albasa, a soya su sosai har ruwan ya tsane mai ya taso, a raba a ƙananan robobi. Amma a bazara kada ki dogara da firigo kacokan, wuta na iya yin awoyi ba ta dawo ba, nama da miya su lalace. A nan dabarar iyayenmu ta fi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, busasshen tumatir, zogale busasshe, dakakken yaji, garin tuwo a niƙe a tankaɗe. Albasar Galmi in ta samu inuwa da iska tana daɗewa. Wadda ke da waɗannan a gida, miyar kuka ba ta ɗaukar ta rabin awa.

Sai maganar da ta fi wuyar faɗa. A tambayarki ban ji inda kika ambaci hannun kowa ba sai naki, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Ki samu maigida a lokacin da ransa yake sanyi, ki nuna masa lissafin makon nan da kika rubuta. Kada ki ce "ka riƙa taimaka mini", wannan maganar ba ta da hannun kamawa. Ki roƙi abu takamaimai wanda zai zama nasa dindindin: kai yara makaranta, sauya tukunyar gas, sayen buhun shinkafa da mai a farkon wata, biyan ruwa da wuta. Abin da ya zama nasa kuma ki cire shi daga kanki gaba ɗaya, ko da yadda yake yi bai yi miki daidai ba. Yara ma a ba kowa nasa gwargwadon shekarunsa, mace da namiji. Ina roƙonki da babbar murya, kada ƴar shekara 12 ɗin nan ta zama uwa ta biyu. Ta yi shara, ta wanke kwanoni, amma lokacin karatunta a bar mata shi. In hali ya ba da damar ɗaukar mai aiki, a ɗauki babba, a biya ta hakkinta a kan lokaci, kada a ɗauko yarinyar da ya kamata tana aji.

Zumunci a ƙafa yake, haka ne, amma ƙafar biyu ce kawai. Rasuwa da rashin lafiya ba sa jira, waɗannan a je, kuma dominsu ne muka bar fili a kowane zango. Biki da suna kuwa ana sanin ranarsu tun da wuri, sai su shiga kaye. Ki tsayar da yammacin Asabar ko Lahadi don zumunci, ki haɗa gidajen da ke unguwa ɗaya a fita ɗaya. Wanda ba za ki samu zuwa ba, ki kira uwar biki tun kafin ranar, ki yi addu'a, ki aika gudummawarki. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a ce "in sha Allahu ina nan zuwa" alhali an san ba za a je ba. Kalmar nan Alƙur'ani ya koyar da ita a Suratul Kahfi don abin da mutum ya ƙudurta yi da gaske. Gaskiya mai laushi tun da wuri ta fi riƙe dangi. Rukunonin WhatsApp na dangi da na adashe da na tsofaffin ƴan aji kuma, ki rufe ƙararsu, ki duba sau biyu a rana, bayan azahar da bayan isha'i. Mai maganar gaggawa zai kira.

Barcinki ya dame ni. Daga sha ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi awa 5 ne, alhali likitoci suna ba babba shawarar aƙalla awa 7. Mai ƙarancin barci yana mantuwa, yana kuskure, yana saurin fushi, aikin awa ɗaya ya zame masa na awa biyu. Wani ɓangare na tarin takardun teburinki daga nan yake. Ki riƙa kwanciya rabin awa kafin lokacin da kika saba a makon farko, ki ƙara wani rabin a mako na biyu, kuma in da hali ki runtsa minti 15 bayan sallar azahar, ko a kan darduma ne. Lokacin azumi da tsakiyar damina, da makon komawa makaranta, tsarin zai girgiza. In ya girgiza ki rage abu ukun nan zuwa ɗaya har iska ta lafa, kada ki jefar da kayen.

Kada ki kama duk abin da na faɗa a rana ɗaya. A mako biyu masu zuwa abu biyu nake so daga gare ki: lissafin kwana bakwai, da rubuta abu uku na gobe kowane dare bayan isha'i. Ki gwada kuma fita minti 20 kafin lokacin da kika saba, ki duba agogo a bakin gada da kuma a ƙofar biro, ki rubuta. Bayan nan ki sake rubuto mini abin da kayen ya nuna, musamman awa nawa hanya take ci da awa nawa girki yake ci, sai mu ga wanda za mu fara taɓawa. Ki gaida Inna da yara.